Akwatin Kifi a Ɗakin Inna

Sabuwar Busa,
20 ga Afrilu, 1986.

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Inna, da duk mutanen gida. Yaya zafi, yaya haƙar albasa? Ni nan lafiya lau, aiki sai godiya.

Ga Uba direba nan zai sauke maka wani kaya idan ya zo Aliero lodi. Akwati ne na gilashi, na naɗe shi da tsohuwar katifa da buhuna. Ka tsaya a kansa da kanka, kada 'yan dako su sungume shi kamar buhun gero.

Ga dalilinsa. Ka tuna da na kai Inna asibiti Sakkwato, likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Da muka dawo ta sa aka zarce da mu Jega don ta ga gulbi. Ta daɗe tsaye a bakin ruwa, ruwan kuwa ya yi jawur, ba a ganin komai a cikinsa. Sai na ji tana gaya wa mai motar, don ka san ta da kunyar ɗan fari, ba za ta dube ni ta faɗa ba, wai tana yarinya a gidan mahaifinta masunci takan kwanta rub da ciki a kan jirgi da rani tana kallon 'yan kifi suna yawo a ƙasa, amma tun da aka kawo ta Aliero aure ba ta ƙara ganin kifi ba sai a miya. Maganar nan ta hana ni sakat. A wurin aikinmu nan bakin dam muna ajiye kifi da rai a irin waɗannan akwatuna, shi ne na sa aka haɗa mata ɗaya. Ina so ta gan su tun idon yana gani.

Nan ka karanta sau biyu. Ka ɗora shi a kan benci mai ƙarfi a ɗakinta, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa. Ka zuba tsakuwar da ke cikin ƙullin da na haɗo, ka cika da ruwan rijiya, ka samo ciyawar ruwa daga Jega ka dasa. Amma kada ka sa kifi. Sabon ruwa kashe kifi yake yi. Kashin kifi yakan zama dafi a cikin ruwa. A gulbi akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dafin. A sabon akwati babu su, sai an jira sun zo sun zauna a jikin tsakuwa sun yi yawa. Abinci za ka riƙa ba su, kowace safiya ɗan garin busasshen kifi, abin da yatsa biyu za su ɗauka. Ruwan zai yi fari, zai yi ɗan wari, daga baya ya washe. Kada a wanke, kada a zubar, sai dai ka ƙara abin da zafi ya shanye.

Akwai 'yar kwalbar magani da ƙaramin bututun gilashi. Ka riƙa ɗibar ruwan a bututun kana ɗiga maganin. Da farko ba za ka ga komai ba, daga baya zai riƙa yin ja. Ranar da jan ya zo ya wuce, ruwan ya nuna. Yakan kai wata ɗaya da rabi. Sannan ka je Jega wurin Kawu Labbo, tunda har yau bai ajiye taru ba, ya kamo maka 'yan gargaza ƙanana.

Zumuncinmu da kai na kakanni ne, amma kai ke kwana a zaurenta, kai ke yi mata noma, ni da ta haifa ina nan nesa. Allah Ya saka maka. Ka rubuto mini labarin idon.

Wanka,
Hayatu.


Aliero,
15 ga Mayu, 1986.

Zuwa ga Yaya Hayatu,

Sallama da gaisuwar ƙane ga wansa. Ina fata kana lafiya. Ya azumi, ya ibada? Mu nan duk lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, in ka ga baƙi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Kaya sun iso, ko tsagewa babu. Bencin sai da na kai wa kafinta ya ƙara masa ƙafa a tsakiya, don da na fara zuba ruwa na ga cikinsa ya ɗan lotsa. Na aje shi ƙarƙashin taga, daura da gadon Inna.

Ranar da munka cika shi gidan ya cika da mata. Hussaina maƙwabciyarmu ta leƙa ta gaba, ta zagaya ta leƙa ta baya, ta ce, "To, ina kifin?" Na ce sai ruwa ya nuna. Ta ce, "Ruwa ne ko mangwaro?" Anka yi ta dariya. Yanzu in na ratsa unguwa sai a ce ga mai kiwon ruwa nan. Tsoho Maigari ma ya tare ni bakin masallaci, ya ce shi ya ga mai kiwon awaki, ya ga mai kiwon tantabaru, amma wanda ke ba ruwa kalaci da safe sai a gidanmu.

Inna ba ta yi dariya ba. Ce masu ta yi, "Ku in kun sayo sabuwar randa ranar kuke sha? Ba sai ta sha ruwa ta ƙoshi, warin ƙasa ya fita ba?" Da sunka watse ta shafa gilashin daga wagga kusurwa zuwa waccan, ta ce, "Mutumin bakin dam ne ya aiko?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ɓarna dai." Amma da na dawo daga gona na tarar ta rufe samansa da faya-fayanta masu ado, waɗanda ba ta bari kowa ya taɓa, wai kada tsaka ta faɗa ciki.

Ga labarin ruwan. Bai daɗe ba ya yi fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Wari ya zo, irin na bakin fadama in ruwa ya ja baya. Wata safiya kuma na shiga na ga ya washe tas, har ina hangen tsagar bango ta cikinsa. Maganin kwalba da fari bai nuna komi ba, yanzu ya fara ja, jiya kam kamar zoɓorodo. Na ɗaga wa Inna bututun a bakin taga, ta ce, "Awo, wanga dafi ne kam." Jikin tsakuwar ya fara santsi, wani abu mai ruwan ƙasa yana kama gilashin ta gefen haske. Ciyawa biyu sun ruɓe, sauran sun fid da sabon ganye. Akwai kuma wasu 'yan dodon koɗi ƙanana kamar ƙwayar gero, ban san ta inda sunka shigo ba, ina zaton cikin ciyawar sunka ɓuya. In bar su ko in tsince?

Da na je ɗibar ciyawar, Kawu Labbo ya ce mi za a jira, ya ba ni tarwaɗa biyu in jefa, ita da ke rayuwa cikin taɓo mi ruwan rijiya zai yi mata. Ban karɓa ba, amma na gaya wa Inna ko tana so. Ta ce, "Na yi bandar kifi tun ban isa aure ba, gawarsu ta ishe ni gani. Ba a kashe ko guda saboda ni. A jira." To muna jira. Da hantsi in na shiga ba da garin sai ta ce, "Baƙin sun sauka?" In ce suna hanya.

Idon Inna da sauƙi. Tana azuminta, na ce ta sha ta ƙi. Kowa na gaishe ka.

Ƙanenka,
Khalilu.


Aliero,
12 ga Yuni, 1986.

Zuwa ga Yaya Hayatu,

Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fata ka sha ruwa lafiya. Mu nan jiki lafiya. Ban ga amsar takardata ba, amma ga wata, don abu ya faru.

Cikin goman ƙarshe jan nan ya yi ta raguwa, har ya koma kamar ruwan da anka ɗauraye kofin zoɓorodo da shi. Na ce wa Inna bayan Sallah kaɗan sai kifi. Ranar jajibere na hau keke na tafi Jega in gaya wa Kawu Labbo ya shirya, in sayo kayan miya. Inna kuma ta shiga gidan Hussaina kitso. Ashe a bayanmu Gwaggo Rabi, ƙanwar marigayi Babanka, ta iso daga Mungadi yin Sallah kamar yadda ta saba.

Ka san Gwaggo. In ta sauka gida ba ta aje mayafi sai ta wanke randa ta kankare tukwane. Da na dawo tun daga zaure na ji ƙamshin sabulu. Na shiga na tarar da tsakuwa shanye a kan tabarma cikin rana, fara fat. Ciyawar, akuya na tauna ta ƙarshe. Akwatin yana jingine a kife, sai walƙiya yake.

Ta taro ni da murna, hannunta duk toka. Ta ce, "Kai Khalilu, ƙazamin banza! Da kwatami za a yi Sallah a ɗakin tsohuwa? Gansakuka ta rufe gilashi, mai lafiyar ido ma mi zai gani, balle ita? Sai da na dirza na dirza kafin santsin nan ya fita."

Na tsaya riƙe da keke. Na ce, "Gwaggo, santsin nan shi munka yi wata da rabi muna jira."

Ta ce, "Santsi? Yau na ji ikon Allah. Ana jiran santsi?"

Muna haka Inna ta shigo. Ba wanda ya gaya mata, ƙafarta ce ta taka tabarmar. Ta tsuguna ta ɗebi tsakuwar ta murza a tafin hannu, ta daɗe tana murzawa. Sannan ta ce, "Rabi, kin wanke ta da kyau." Ta shige ɗaki.

Da na zaunar da Gwaggo na yi mata bayani kamar yadda ka yi mani, sai ta ɗora hannu a ka. Ranar Sallah ko tuwo ba ta ci ba. Tana ta cewa ita da ta zo gyara. Kada ka ga laifinta, don idon Inna ta yi, kuma ni ban bar wa kowa sallahu ba da zan fita.

Na ɗauraye tsakuwar da akwatin har sai da hannuna ya yi fari, na sake cikawa, na koma Jega na ɗebo wata ciyawar, na ci gaba da ba da gari. Abin da nake so ka gaya mani, daga farko ke nan za a sake lissafi? Kuma sabulun da ya taɓa su, ko zai cuci kifin?

Idon Inna, ta ce in gaya maka da sauƙi. Yanzu ta jawo tabarmarta gab da benci, in tana kallon ruwan har goshinta na taɓa gilashin.

Ka amsa da wuri don Allah.

Ƙanenka,
Khalilu.


Sabuwar Busa,
6 ga Yuli, 1986.

Zuwa ga ƙanena Khalilu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yaya damina, an gama shuka? Ka gafarce ni, tun kafin Sallah muna can cikin tafki muna aiki ƙauye-ƙauye, sai shekaranjiya na dawo na tarar da takardunka biyu tare.

Labarin Gwaggo ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya. Na karanta wa abokan aikina maganar jiran santsi, har yau suna maimaitawa. Ka gaishe ta, ka ce na yafe, amma in ta ƙara zuwa a ɗaure mata hannu.

Game da tambayarka, sabulu mugun abu ne ga kifi, kuma yakan maƙale a jikin tsakuwa komai ɗauraya. Ban yarda da ita ba. Ka zubar da wannan ruwan, ka watsar da tsakuwar, ka samo sabuwa daga inda ake zuba ta masu gini, ka wanke da ruwa zalla, ka fara daga farko. Gara a yi abu sau ɗaya mai kyau. Dodon koɗi in sun dawo ka bar su.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne jin idon da sauƙi. Har sau biyu ka faɗa, na yi hamdala. Likita ma ya ce wani lokaci ciwon yakan tsaya ya daɗe bai ci gaba ba. Zamanta gab da gilashi kuwa ya nuna abin ya shiga ranta, ko ba ta faɗa ba. Tunda haka ne babu gaggawa. Da cikin watan nan zan zo, amma wani abokin aikina matarsa ta haihu, na bar masa hutuna na karɓi nasa. Sai Babbar Sallah in Allah Ya kai mu.

Ka gaida Inna, ka ce ta yi mini addu'a.

Wanka,
Hayatu.


Aliero,
17 ga Yuli, 1986.

Zuwa ga Yaya Hayatu,

Sallama. Ina fata kana lafiya. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, jikin kowa lafiya.

Na bi umarninka. Na zubar da ruwan, na sake tsakuwa. Ruwan da na zubar jansa ya riga ya fara sauka, na daɗe riƙe da bokiti kafin in kwarara shi, amma na ce kai ka san abin, in na bari kifi sunka mutu a gabanta ban san da wane ido zan dube ta ba.

Yaya, wagga takarda Inna ba ta ce in rubuta ba. Da na kai inda ka ce ka bar wa abokinka hutunka, sai na naɗe takardar na tafi gona na zauna, ban kama fartanya ba har azahar.

Da sauƙin da nake rubuta maka, ita ke sa ni. Kuma ka san mu, ko mutum na kan gargara in an tambaya da sauƙi ake cewa, ba a aika wa na nesa tashin hankali. Na ɗauka da na ce goshinta na taɓa gilashi za ka gane. Ba sha'awa ta matso da ita ba. Daga kan gado ba ta ganin akwatin ne.

Idon hagu ya tafi tun cikin azumi. Na dama, ta gaya wa Gwaggo kamar mai leƙe ta hudar ƙyaure take gani, hudar kuma kullum ƙara tsukewa take. Gwaggo ta dawo daga Mungadi da kayanta, ta ce ba ta komawa, ita ke miƙa mata buta, ita ke gyara mata alƙibla. Shekaranjiya Inna ta gaida rigata da na rataye a igiya, ta ce sannu da zuwa, da ba a amsa ba ta yi kamar da akuya take. Jiya na ɗiga magani a bututu na ɗaga mata a bakin taga kamar yadda munka saba. Ruwan sabo ne, fari tas, ko alamar ja babu. Ta dube shi ta daɗe, ta ce, "Kai, yau jan ya yi yawa." Na ce haka ne, Inna.

In lissafin farko za a bi, sai bayan Babbar Sallah ruwan zai nuna. Ban ga alamar idon zai kai ba. Na ce mata ko in kawo kifi a ƙwarya ta duba in mai da su gulbi, ta ce kifin ƙwarya tsoro kaɗai yake yi, ba yawo ba, ita akwatin da anka aiko mata take jira. In akwai wata hanya da ta fi wagga sauri, wadda kifin ba za su mutu ba, ka gaya mani. In babu, ka gaya mani babu. In kuma da hali ka zo, ka zo.

Na ba Uba wagga hannu da hannu, gidan waya na jinkiri.

Ƙanenka,
Khalilu.


Sabuwar Busa,
22 ga Yuli, 1986.

Khalilu,

Ina lafiya. Uba na tsaye yana jira, a tsaye nake rubutu.

Akwai hanya. Tun ranar da Gwaggo ta wanke akwai ta, ban faɗa ba ne don na ɗauka muna da lokaci, na zaɓa maka wadda ta fi tsabta. Ni na sa ka zubar da ruwan wata guda da hannunka. Innalillahi.

Ranar da takardar nan ta same ka, ka tafi wurin Kawu Labbo. Ya tsamo maka duwatsu daga cikin gulbi, masu santsi a jiki, waɗanda suka daɗe a ruwa. Halittun da muke jira suna jikinsu. Kada ka wanke, kada su bushe, ka ɗauko su cikin ruwan gulbin, da ciyawa har da lakarta. Ka jera su a akwatin, ka sa kifi ranar, biyu ko uku, ƙanana sosai. Abinci kaɗan. Kullum ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka mayar da na rijiya wanda ya kwana. Za su rayu.

Na nemi izinin tafiya, an ce sai mutumin da na ba hutuna ya dawo. Zan taso kafin Sallah ko da me.

Ban ga laifinka ba. Ni ɗan gidan ne, na san yadda muke cewa da sauƙi, na karanta abin da nake so in ji.

Kada ka jira komai kuma.

Hayatu.


Aliero,
7 ga Agusta, 1986.

Zuwa ga Yaya Hayatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Mu nan lafiya, gero ya fara fid da kai. Inna na cin abinci, tana barci, jikinta ba abin da ke ciwo.

Takardarka ta daɗe a hanya. Ruwa ya cinye hanya wajen Yawuri, motar Uba ta kafe a can da kaya, sai ranar Litinin da ta wuce ya iso. Ban cire takalmi ba na hau keke.

Gulbi ya cika ya yi ja. Kawu Labbo da ya ji bayani bai yi gardamar da ya saba ba, cewa ya yi, "Atika ce?" don shi da sunanta yake kiran Inna. Ya tuɓe riga ya shiga inda yake ɗaure jirgi, ya yi ta lalube da ƙafa yana tsamo duwatsu, baƙaƙe masu santsi kamar an shafa masu kuɓewa. Kifin a wani ɗan tafki gefe ya kamo su, 'yan gargaza uku, babbansu bai kai ɗan yatsana ba. Na ɗauro su a garwa bayan keke, na rufe bakin ruwan da ganye don kada ya yi ta tangaɗi, inda hanya ta ɓaci na sauka na tura.

Na jera duwatsun, na dasa ciyawar, na yi ta sirka ruwan garwa da na akwati kaɗan-kaɗan kafin in sake su. Na jira lakar ta kwanta. Da la'asar ruwan ya washe.

Inna ta yi wanka, ta sa Gwaggo ta ciro mata zanen Sallah, ta sa kwalli. Hussaina da wasu mata sunka shigo. Gwaggo ta riƙo ta ta zaunar gaban benci.

Kifin duk ukun suna can ƙasa, gefen hagu, sun laɓe bayan dutse. Inna ta ɗaga kai sama ta dama, wajen da iskar taga ke shigowa. Ta ce, "Ga su nan. Masha Allahu. Ku dubi wancan mai ɗigon baƙi a ƙayar baya." Ta ɗora yatsa a gilashi, wurin ba komi sai ruwa. Ɗigon kuwa suna da shi, na duba, amma tun tana yarinya ta san da shi. Hussaina ta buɗe baki, Gwaggo ta mintsine ta. Kowa ya ce Masha Allahu.

Yaya, hudar ta rufe tun kafin takardarka ta iso. Ranar Juma'a waccan da hantsi ta ce in kwashe shanya hadari ya haɗo, alhali rana na ƙwalla, ko gajimare babu. Daga ranar ba ta ƙara juyowa ba in an ɗaga labule.

Da matan sunka fita Gwaggo ta bi su tana share ido, sai ni da ita. Inna ta ce, "Khalilu, su nawa ne?"

Na ce, "Uku, Inna."

"Sun saki jiki?"

Na ce sun fara. Na zauna ina gaya mata. Babban ya fito ya kama tsakiya, ya buɗe ƙayarsa, in wani ya matso sai ya kore shi. Na tsakiya yana bin gilashi sama da ƙasa kamar mai neman ƙofa. Ƙaramin yana tsattsagar jikin dutse, ya ɗauki tsakuwa a baki ya tofar. Tana ji tana kaɗa kai. Ta ce, "Haka suke yi. Ka lura da ƙaramin, babban zai hana shi ci. Ka zuba masa nasa can gefe." Munka zauna haka har anka kira magariba. Yanzu kullum bayan na sake ruwa sai ta ce in zauna in ba ta labarinsu.

Duk ukun suna raye, suna ci. Jan bututu kaɗan ne, ina kwashe ruwan kamar yadda ka ce.

Ta ce, "Ka rubuta wa mutumin bakin dam na gani." To na rubuta. Sauran ma na rubuta.

Abu na ƙarshe. Ta ce ranar da za ka iso in tare ka a zaure, in riga ka shiga in raɗa mata launin rigarka, don in ka durƙusa gaisuwa ta ce wa Gwaggo rigar ta yi kyau. Na ce to. Saboda haka in ka iso ka ɗan dakata a zaure ka sha ruwa. In ta yaba rigar, ka yi godiya.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanenka,
Khalilu.